Aikin Farfesan Kayan Tarihi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin ɗaukar sabbin ɗalibai, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke zuwa wa malaman sashen akiyoloji, wato ilimin binciken rayuwar mutanen dauri ta hanyar abin da suka bari a ƙasa. Wasu daga ɗalibai suke fitowa, wasu daga iyaye, wasu kuma daga mutanen garuruwan da muke aiki a cikinsu. Ga amsoshinsu daga mai koyar da wannan fanni a wata jami'a a arewacin Najeriya.

Kullum kuna daji kuna tono ne?

A'a. Da tono aka fi ganinmu a hoto, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin shekararmu. Lokacinsa rani, daga bayan girbi zuwa kafin zafin bazara ya tsananta. Da damina ba ya yiwuwa: ruwa ya cika rami ya zubar da bangonsa, ciyawa ta rufe ƙasa, ga shi ba manomin da zai yarda ka kafa masa fegi a tsakiyar dawa. Ko a ranin ma sai an dace da hutun jami'a, da kuɗi a hannu. Akwai shekarar da farfesa zai yi bai shiga rami ba. Abin da aka tono cikin 'yan makonni kuwa yakan ci watanni, wani lokaci shekaru, kafin a gama wanke shi, a rarrabe, a rubuta.

To sauran watannin me kuke yi?

Da safe lacca. 'Yan ajin farko ana fara musu daga zamanin da ɗan Adam ke fasa dutse ya yi makami, manyan azuzuwa kuma dabarun tono, zanen taswira, da nazarin tukwane da ƙarfe. Farfesa kan ɗauki darussan tsoffin dauloli, irin su Misira da Kush da Aksum, da Kanem-Borno, da ƙasar Hausa kafin rubutu ya yaɗu a cikinta. Bayan azahar yana ofis, masu digiri na biyu da na uku suna shigowa da babi-babin kundinsu. Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, domin ɗalibin dakta ba a allo ake koyar da shi ba. Sai ka bi rubutunsa layi-layi, ka tambaye shi daga wane rami wannan ya fito, da wace hujja ya ce tukunyar nan ta girmi waccan.

Ga taron sashe, ga na tsangaya, ga majalisar jami'a, ga tarin takardun jarrabawa, ga tafiya wata jami'a don jarraba ɗalibanta ko auna ayyukan malamin da ake son ɗagawa zuwa farfesa. Rubutun kansa, wanda da shi ake sanin malami a waje, sai bayan asuba ko bayan isha'i.

Yaya kuke gane inda za ku tona?

Da ƙafa da kunne, kafin na'ura. Muna tafiya a jere cikin gonaki bayan girbi muna duban ƙasa: inda tsingaro ya yi yawa, inda kashin maƙera ya warwatsu, inda tudu ya tashi a fili ba dalili, inda kukoki suka yi gungu ba gida ko ɗaya kusa da su, inda ragowar ganuwa ko ramukan marina suka bayyana. Muna zama da tsofaffi su faɗa mana sunayen kufai da wanda ya zauna a cikinsu. Hoton tauraron ɗan Adam yanzu yana nuna zagayen ganuwar da ido ba ya kamawa daga ƙasa, akwai kuma na'urar da ke auna maganaɗisun ƙasa ta nuna abin da ke binne ba tare da an taɓa shi ba. Da irinta aka ga ramin da ya kewaye tsohon garin Zilum a Borno.

Amma a faɗi gaskiya, manyan abubuwan da ƙasar nan ke alfahari da su ba malamai ne suka fara ganinsu ba. Masu haƙar kuza ne suka fito da mutum-mutumin yumɓu na farko kusa da ƙauyen Nok a 1928, sai a wajen 1943 Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya ga wani kan mutum-mutumi da aka samo a ƙasar Jama'a ya gane cewa dangi ɗaya ne. Kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, mai tsawon mita 8.4 da shekaru kusan 8,000, wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Da ya faskara shi ya yi makamashi, da babu wanda zai san cewa mutanen bakin Komadugu Gana sun iya sassaƙar jirgi tun wancan zamani.

Wa ke ba ku izini?

A Najeriya, Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ba wanda doka ta yarda ya tona wurin tarihi ko ya fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba da takardarta ba, ko farfesa ne. Sai dai takardar Abuja ita kaɗai ba ta buɗe gona. Dole a bi ta fada, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, sannan mai gonar kansa.

Zaman farko kusan kullum haka yake tafiya. Bayan gaisuwa sai mu ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne neman sanin waɗanda suka zauna a kufan nan na yamma da gari." Dagaci ya dube mu ya ce, "Malam, ba dai zinariya kuke nema ba?" Tambaya ce mai kyau, domin baƙi da yawa sun zo musu da sunan bincike suka tafi da abin da ba su dawo da shi ba. Amsarta ba ta baki ba ce. Samarin garin muke ɗauka aiki, kowa yana da damar zuwa bakin rami ya ga abin da ke fitowa, kuma kafin mu tafi sai an shimfiɗa kayan a gaban dattawa. Sau da yawa a nan ne wata tsohuwa za ta ɗauki gutsuren tukunya ta ce, "Ai wannan bakin tulu ne, ɗan nan, ba tukunyar miya ba," kuma ta yi daidai.

Yaya ranar tono take?

Ana fita bayan sallar asuba, a fara aiki da sanyin safiya, a tashi idan rana ta take. Ramin ba a haƙa shi yadda aka ga dama. Ana auna murabba'i, misali mita 2 kowane gefe, a kafa fegi, a ja igiya, a daidaita shi da arewa, a ba shi lamba. Diga da shebur na saman ƙasa ne kawai. Da an wuce inda garma ke kaiwa sai a koma ga cokalin magina da buroshi, ana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan. Duk ƙasar da ta fito ana kwasarta a kwanon sarki a zuba a rariya, domin ƙwayar tsakiya ko ƙashin kifi ba sa ganuwa a cikin rami.

Aikin farfesa a nan yawanci ba riƙe cokali ba ne, karatun ƙasa ne. Yana tsugune yana duban bangon ramin: nan ƙasa ja ce mai tauri, daɓen ɗaki ke nan, a ƙarƙashinta toka-toka mai laushi da ƙasusuwa, juji ne, can gefe ga wani baƙin layi ya yanko daga sama ya ratsa su duka, wato wani daga baya ya haƙa rami ya cika shi, don haka abin da ke cikinsa ba sa'an na kusa da shi ba ne ko da zurfinsu ɗaya. Wanda bai ga wannan layin ba zai haɗa kayan jika da na kakan kakansa a leda ɗaya, ya rubuta tarihin da bai taɓa faruwa ba. Gara da ɓeraye da saiwar itace su ma suna motsa kaya daga bene zuwa bene, wato daga wannan shimfiɗar ƙasa zuwa waccan, sai an lura.

Shi ya sa komai sai an rubuta kafin a ɗaga: hoto da sandar awo a gefe, zane, zurfi, launin ƙasa, sannan leda mai ɗauke da sunan wuri, lambar rami, lambar bene da kwanan wata, a ciki da waje. Tono zarar bunu ne. Benen da ka kankare ya tafi har abada, ba wani malami da zai zo bayanka ya duba ko ka yi daidai, sai dai ya duba littafinka. Don haka ma ba ma tone wuri gaba ɗaya, ana barin kaso mai yawa ga masu zuwa da kayan aikin da suka fi namu. Da yamma a masauki ana wanke tsingaro, a shanya, a cika takardu. Idan an gama aiki kuma a mayar da ƙasa a cike ramin, a bar wa mai gona gonarsa yadda zai iya nomawa.

Tudun Daima a Borno, wanda masanin akiyoloji Graham Connah ya tona a tsakiyar shekarun 1960, ya ba da benaye masu zurfin fiye da mita 10, ƙarni a kan ƙarni, daga masu amfani da dutse da ƙashi har zuwa masu ƙarfe. Darajar wannan aiki har yau a jerin benayen take.

Kuna samun zinariya?

Da wuya ƙwarai. An taɓa samu, misali a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda aka fara tonawa a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake a 1992, inda aka ga kayan ado na zinariya da tagulla da hauren giwa da wuri da tsakiyar gilashi, shaidar cewa fataucin nesa ya iso nan tun ɗaruruwan shekaru. Amma abincinmu na yau da kullum tsingaro ne, buhu-buhu.

Kuma tsingaro ba abin rainawa ba ne. Ɗauki gutsure ɗaya da bai kai tafin hannu ba. Lanƙwasar bakinsa za ta gaya maka faɗin tukunyar. Karayarsa za ta nuna abin da maginiya ta gauraya da yumɓu, yashi ne, ƙaiƙayi ne, ko dakakken tsohon kasko. Zanen jikinsa, ko da murɗaɗɗiyar igiya aka birgima ko da tsinke aka tsaga, yana canjawa daga zamani zuwa zamani, da shi muke gane tsara. Baƙin hayaƙi a gindinsa yana cewa ta hau murhu. Har maiƙon da ya shige cikin yumɓun ana iya aunawa: a 2021 masu bincike daga jami'o'in Bristol da Frankfurt suka bayyana cewa sun sami alamar kakin zuma a tukwanen Nok, wato mutanen suna cin zuma tun shekaru 3,500 da suka wuce. Daga ƙonannun ƙwayoyi kuma aka san cewa gero da wake suke nomawa, suna kuma cin atili.

Da me kuke sanin shekarun abu?

Hanyar da aka fi bi ita ce awon kabon-14, wadda Willard Libby ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, ya sami kyautar Nobel a kanta a 1960. Kowane mai rai, tsiro ko dabba, yana ɗaukar wannan sinadari muddin yana raye. Da ya mutu sai ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya riƙa raguwa a kan ƙa'ida, rabi duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage sai a lissafa lokacin mutuwar. Awon yana aiki har zuwa wajen shekaru 50,000, kuma ba ya ba da shekara ɗaya tak, tazara yake bayarwa.

Abin lura shi ne ba dutse ko tukunya ake aunawa ba, gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsin da ke kwance tare da su ne. Ƙonanniyar ƙwayar gero ta fi mana guntun gawayi, don gero shekara ɗaya yake yi, itace kuwa yana iya daɗewa a tsaye kafin a sare shi. Ka ga dalilin da ya sa muke matsa wa ɗalibi a kan lakabin leda. Galibi ƙasashen waje ake tura samfurin, da kuɗin waje ake biya, don haka malami kan zauna da gawayi ashirin a gabansa ya zaɓi uku ko huɗu da aljihun aikin zai iya ɗauka.

Ba kaburburan mutane kuke tonewa ba? Kuma ba gumaka ba ne waɗannan?

Maƙabartar da mutane suka san tasu ce ba ma taɓa ta. Amma a tsohon mazauni akan ci karo da ƙasusuwan mutum, domin al'ummomi da yawa a cikin gida suke binnewa. Idan haka ta faru aiki yakan tsaya, a sanar da shugabannin gari, a yi shawara. Wani wuri a yarda a auna a rubuta sannan a rufe, wani wuri a ce a bar shi, mu kuwa mu bari. Ba na yarda ɗalibi ya ɗauki hoton wasa da ƙashin mutum. Wani ne, yana da uwa da uba.

Mutum-mutumin yumɓu kuwa shaida muke ɗaukarsa, ba abin girmamawa na ibada ba. A jikinsa ake ganin kitso, da tsakiya, da hula, da sutura, har da cututtukan mutanen da ba su bar rubutu ko ɗaya ba.

Mene ne bambancinku da malaman tarihi?

Su takarda da baki suka fi riƙewa, mu ƙasa, amma mai nazarin tsohon tarihi a nan dole ya haɗa duka. Wata rana yana Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna yana bin rahotannin Turawan mulki, wata rana yana gaban mai rubutun ajami ko marokin fada yana sauraron jerin sarakuna. Kowace hanya da gurbinta. Jerin sarakuna yana ba da suna, amma ba ya faɗar abin da talaka ke ci. Ƙasa tana faɗar abinci da sana'a, amma ba ta kiran sunan kowa. Labarin Kano na baka da na rubuce yana tuna maƙera da mazauna Dala kafin sarauta, awon da aka yi a wurin kuma ya nuna ana narka tama a can tun wajen ƙarni na 7. Inda suka dace haka sai mu ƙara natsuwa. Inda suka saɓa, ba ma tilasta wa ɗaya ya bi ɗaya, sai mu rubuta saɓanin yadda yake.

Daga ina kuɗin aikin ke fitowa?

Daga asusun TETFund na gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, daga ɗan abin da jami'a ke warewa don fitar ɗalibai, daga haɗin gwiwa da jami'o'in waje, ba safai ba kuma daga aljihun malamin. Rubuta takardar neman tallafi aiki ne na makonni, kuma an fi samun a'a. Haɗin gwiwa da waje ya yi amfani sosai. Aikin da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a yankin Nok a 2005 shi ne ya mayar da farkon wannan al'ada zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ra'ayina dai shi ne duk yarjejeniyar da ba ta tanadi horar da ɗalibanmu da ajiye kwafin bayanan a gida ba, bai kamata a sa mata hannu ba.

Me ya fi ɓata muku rai a wannan aiki?

Isa wuri bayan masu haƙar sata. Za ka tarar da tudu ya zama ramuka kamar an yi yaƙi, tsingaro a warwatse, an fasa jikin mutum-mutumi an tafi da kai don shi dillali ke saye. A shekarun 1990 an yi wa yankin Nok da wajen Kwatarkwashi da ƙasar Katsina wannan ɓarna, haka ma Bura a Nijar, inda Boubé Gado na cibiyar bincike ta Yamai ya yi tono a 1983. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa waɗannan kaya a jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Ba na ɗora laifin duka a kan saurayin da ya shiga rami don abin da zai ci. Abin da aka ba shi bai kai komai ba a kan abin da za a sayar a Turai. Amma asarar ta fi sata. Ko an dawo da kan, ba a dawo da gawayin da ke gefensa ba, ba a dawo da sanin ko a kabari yake ko a ɗaki ko a juji ba. Za a sa shi a gilashi a yaba kyansa, tambaya kuwa ba zai amsa ko ɗaya ba.

Matsalar tsaro ta shafe ku?

Ƙwarai. A Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig da abokin aikinsa, Jamusawa daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, a wurin tono kusa da Janjala a ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan garin da suka bi sawu, Allah ya jiƙansu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki. Wurare da yawa a Borno da Zamfara da Katsina da Kaduna yanzu ba malamin da zai kai 'ya'yan mutane can. Sai muka koma ga wuraren da ke kusa da gari, da kuma buhunan da magabatanmu suka tono suka ajiye ba a gama nazarinsu ba, waɗanda suna da yawa.

Yaya ake zama farfesa, kuma wane aiki ɗalibi zai samu?

Digiri na farko, na biyu, na dakta, sannan hawa matakan koyarwa ɗaya bayan ɗaya har zuwa babban malami, mataimakin farfesa, farfesa. Ba a hawa sai da maƙalun da masana suka tantace aka buga. Ana karanta fannin a Ibadan da Nsukka da Zariya da Jos. Ga iyaye kuwa, ba zan ɓoye ba, guraben aiki ba su da yawa: gidajen tarihi irin na Jos da Kaduna da Gidan Makama, hukumomin al'adu da yawon buɗe ido, koyarwa, da binciken da ake yi kafin manyan ayyukan hanya ko madatsar ruwa. Wanda ya iya taswirar kwamfuta da awon ƙasa yana da ƙofofi fiye da haka. Yara mata suna yin fice a wannan karatu, a rami da ɗakin bincike duka.

Na tsinci tsohuwar tukunya ko mutum-mutumi a gonata. Me zan yi?

Ka bar shi inda yake. Kada ka ciro, kada ka wanke, kada ka ƙara tono don ganin ko akwai saura. Ɗauki hoto da waya, ka ajiye wani abu sananne a gefensa, kamar biro ko takalmi, don a gane girmansa, ka ƙara wani hoton daga nesa da zai nuna itace ko dutsen da ke kusa. Sai ka mayar da ƙasa ka rufe, ka sanar da mai unguwa, ka kuma kai labari gidan tarihi mafi kusa ko sashen akiyoloji ko na tarihi a jami'a. Idan garma ta riga ta fito da shi, tattara gutsattsarin duka har ƙanana a kwali ɗaya, ka sa alama a daidai inda ya fito. Kada ka yaɗa sunan wurin a Facebook ko WhatsApp kafin hukuma ta zo, domin dillalai ma suna dubawa, kuma sayar musu laifi ne a doka. Wanda gidan tarihi ya yi masa nisa, ya tura hoton da sunan ƙauyen da na ƙaramar hukuma ta hannun wani malamin makaranta ko ɗalibin jami'a na garinsu.